Bututun da Na Sa wa Jirgin Yaya Idrisu

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a kaina a gidan baffanku na unguwar Khalidiyya a nan Madina, na kuma san kun sha jin sa a wurin biki da wurin makoki, ko da yake babu ɗayanku da ya taɓa kawo mini. Wai ni Yakubu, saboda hassada, na zare lafiyayyar tagulla daga gindin jirgin yayana Idrisu, na cusa leda a wurinta, sannan na dube shi ido cikin ido na yi masa ƙarya. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta yi ƙarko. Na zare tagullar, na kuma yi ƙaryar. Ragowar rabin zan rubuta muku yanzu tun hannuna bai fara rawa ba, don na gaji da ganin kuna sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci jirgin nan.

Sai kun san wane ne Yaya a wurina kafin ku gane abin da na yi asara. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara bakwai, Yaya yana da ashirin. Ya kama tuƙin babbar mota tsakanin Madina da Yanbu ta bakin teku, ya shekara talatin da wani abu a kan hanyar nan, kuma da guminsa na ci, na sha, na yi aure. Shi ya kama hannuna ya kai ni warsha, wato shagon masu yin tankunan ruwa na faiba, irin waɗanda kuke gani a saman kowane gida a unguwar Bani Harisa, sana'ar da na ciyar da ku da ita. Babban wa uba ne, ban taɓa musun wannan ba. Sai dai Yaya irin mutanen nan ne da in sun ɗauke ka kana shekara bakwai, to a shekara bakwai za ka tsaya a idonsu har ka mutu. Gemuna ya yi fari, ina da warsha tawa ta kaina, amma sunana a bakinsa "yaro". Duk Juma'a in an sauko daga Harami sai mu taru a gidansa, in sumbaci kansa, in zauna a damansa, mu sa hannu a faranti ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ɗan wurin zaman na damansa ya fi mini warshar daraja.

Shekarar da ya ajiye tuƙi ya sayi jirgin daga hannun wani Baturen injiniya da zai bar Yanbu. Jirgin faiba ne fari, mai filafilin ƙyalle da iska ke turawa, tsawonsa kamar ƙaramar bas, da ɗan inji a ciki na shiga da fita tasha. Mutanen unguwa suka samu abin dariya, wai mutumin Madina da jirgin ruwa, ko a cikin kwatamin alwala zai tuƙa shi. Ni ban yi dariya ba, don na san dalilinsa. Mahaifinmu ya tsallako tekun nan yana ƙarami daga ɓangaren Sudan, a ƙasan wani kwale-kwale, an jibge su kamar buhunan gero, kuma har ya koma ga Allah ba ya cin kifi. Yaya kuwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke kayan mutane a bakin tekun yana hangensa ta gilashin mota. So yake ko sau ɗaya ya zauna a kansa a matsayin mai abu, jikokinsa kewaye da shi. Ya riga ya yi wa yaran alkawarin hutun babbar salla, su bakwai, babbarsu ba ta kai shekara goma sha biyu ba, kuma babu wanda ya iya iyo a cikinsu.

Wata biyu da saye, ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashin injin. A kwashe da safe, kafin la'asar ya dawo. Yaya bai yarda da kowane makanike a Yanbu ba, a ganinsa duk ɓarayi ne. Sai ya sa aka kwantar da sandar filafilin, aka ɗora jirgin a kan doguwar mota, aka kawo shi har gonarsa ta dabino a Awali, aka girke shi a kan kututture tsakanin rijiya da katanga. Ya ce wa kowa, yaro zai duba shi.

Bari in gaya muku yadda abin yake, tunda ba ku taɓa leƙa gindin jirgi ba. Injin yana ciki, farfela tana waje cikin ruwa, sandar ƙarfe ce ta haɗa su. Dole sandar ta huda jikin jirgin, don haka ake binne mata bututu a cikin faibar ta riƙa juyawa a ciki. Bututun bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, kaurinsa kamar wuyan hannuna, kuma kullum yana ƙarƙashin ruwa. In ya fashe a tsakiyar teku babu abin da zai tare ruwan, ga shi a lungun da hannu ba ya kaiwa balle a toshe. Na jirgin Yaya na tagulla ne. Da na zare sandar na kankare bakinsa da wuƙa, maimakon ya yi rawaya ya haska, sai ya fito ja-ja kamar hanta yana marmashewa. Gishiri ya tsotse ƙarfinsa ya bar siffar kawai, yadda gara take yi wa azara. Na fito daga ƙarƙashin jirgin na same shi a inuwar dabino yana shan shayi.

"Yaya, bututun nan ya mutu. Sai an cire shi an sa sabo."

"Ɗayyib, to, a sa sabo na tagulla."

"Irinsa ba ya samuwa a nan, kuma ko an samu, gishirin da ya ci wannan zai ci wancan. Bari in naɗa maka na faiba da hannuna, ya haɗe da jikin jirgin su zama abu ɗaya. Shi ba ya ruɓewa."

Ya ajiye kofin a hankali, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Leda? Kai yaro, tanki ka ɗauke shi? Baturen da ya ƙera jirgin bai san faiba ba ne ya sa tagulla? Ka wanke shi, ka shafa masa ƙaron nan naka na liƙi, ka mayar. Halas, shi ke nan."

"Yaya, zo ka gani da idonka."

"Na san ƙarfe tun kafin ka san hannun cin tuwo."

Bai tashi ba. Taku goma ne tsakaninsa da gindin jirgin, amma sai ya durƙusa kafin ya gani, kuma Yaya ba ya durƙusa wa abin da ƙaninsa ya nuna masa. Na sake faɗa masa bayan kwana biyu a cikin mota, ya ƙara muryar rediyo. Na uku shi ne kuskurena. Ranar Juma'a muna kan faranti, surukai da 'ya'ya duk suna nan, babban ɗansa Faisal ya tambaye ni da Larabci yaushe jirgi zai koma ruwa. Maimakon in ce sai yadda Allah ya yi, sai na ce ba zai koma ba sai an canza bututu, don wanda ke ciki ko tsinke zai iya huda shi. Wani suruki ya yi 'yar dariya. Na ga kunnen Yaya ya motsa, na san na taka wutsiyar zaki. Ya zare hannunsa daga shinkafar ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, in aka sa leda a gindin jirgin nan, ƙafata ba za ta sake taka shi ba. Kun dai ji na rantse."

Aka ci gaba da cin abinci. Da muka dawo gida na kwashe duka na gaya wa uwarku, tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

"To ka ce ba za ka iya ba mana, Abu Hamza. Ya kai wa wani."

"In na ƙi, zai samu wanda zai shafa masa fenti ya ce ya gyaru. Kuma yaran nan za su hau."

"Ka kira Faisal ka nuna masa."

"In haɗa kai da ɗansa a bayan idonsa? Wannan ai ya fi muni."

"Ƙaryar ba ta fi muni ba? Ramin ƙarya fa ƙurarre ne. Ka koma ka durƙusa masa, ka yi ta faɗa har ya ji."

Ban koma ba. Zan iya ce muku tsoron ran yaran ne kaɗai ya sa, kuma shi ne babba, Allah shaida. Amma ba zan wanke kaina tas ba. Akwai haushi a ciki. Shekara talatin ina shaƙar ƙurar faiba, tankunana suna kan rabin gidajen unguwa babu wanda ya taɓa ɗiga, sannan a gaban surukai a ce da aikina leda. Ina so ko sau ɗaya a rayuwa a ce yaron nan shi ya sani. Na ƙudura zan sa na faiba a ɓoye, a je teku a dawo lafiya, sannan in kawo masa tsohon in ajiye a gabansa. A lissafina zai yi faɗa na kwana biyu, ya ciyar da miskinai goma na kaffarar rantsuwa, mu yi dariya. Haka nake zaton na san yayana.

Allah ya kawo zafi, Yaya ya tafi Ɗa'if shan iska na mako uku, ya bar mini makullin gona. Lokacin ɗanyen dabino ne, zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Ƙaron faiba a irin wannan rana daskarewa yake a cikin kofi kafin ka kai shi inda za ka shafa, don haka daga sallar asuba nake wucewa Awali, in yi aiki har hantsi ya ɗaga in tsaya. Kwana huɗu na yi ina yankan faibar da ke kewaye da bututun, a kwance a gefe ɗaya a bayan injin kamar wanda aka sa a lahadu, ƙurar gilashi tana shiga wuya da hammata tana ƙaiƙayi har washegari. Da ya fito, sai ga tsaga a cikinsa mai tsawon yatsa, a ɓangaren da ke kallon ƙasa. Na zauna a kan yashi riƙe da shi.

Sabon kuwa a warsha na yi shi. Na samu bututun ƙarfe daidai kaurin da nake so, na shafe shi da kakin zuma, na riƙa naɗa masa ƙyallen gilashi ina jiƙawa da ƙaro, falle bisa falle, ina murje kowane kumfa da ɗan yatsa, har falle goma sha biyu. Da ya bushe na zare ƙarfen, na ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara kamar tangaran. Sa shi a jirgin ne aikin, don in ya kauce ko da kaurin farce ne, sandar za ta riƙa cin gefensa tana girgiza jirgin. Na ɗaura zare a tsakiyar bakin injin, na ja shi ta cikin ramin har waje, na kafa turke a tsakanin dabinai na ɗaure. Nan na gano kututturen da aka ɗora jirgin a kai sun lotsa, gindin ya ɗan zauna, dole na nemo jak na ɗaga na sake daidaitawa, kwana biyu suka tafi a wannan kawai. Sai da zaren ya bi tsakiyar bututun cif, ban taɓa kowane gefe ba, sannan na tokare shi da 'yan ƙiraren dabino na fara liƙewa, ciki da waje, kowane falle ya fi na ƙasansa faɗi. Zobban tagullar da ke baki biyun su lafiyarsu ƙalau, na goge su da lemon tsami da toka har suka yi ƙyalli, na mayar, na bi sauran da fenti. Duk wanda ya leƙa, tagulla zai gani.

Mu masu tanki ba ma yarda da aiki sai ruwa ya kwana a ciki. Na toshe bakin waje, na tare gindin jirgin daga ciki, na kunna famfon rijiya na cika shi har ya rufe aikin, na shimfiɗa busasshen yashi a ƙasa. Kwana uku ina zuwa ina dubawa, yashin nan ko ɗigo bai gani ba. A duk rayuwata ban yi aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba ni da wanda zan nuna wa. Tsohon bututun na cusa shi a buhu na kai saman gidanmu, na ajiye bayan tanki, yana jiran ranarsa.

Yaya ya dawo daga Ɗa'if ya yi haske, ya zo gona da sandarsa. Wannan karon ya sunkuya, tunda a zatonsa maganarsa aka bi. Ya ƙwanƙwasa zoben da makullin mota.

"Ka gani? Tagulla tagulla ce. Ka mayar da shi?"

"Na mayar, Yaya."

"Allah ya yi maka albarka, yaro."

Ya ɗora hannu a kaina a gaban ma'aikatan gona. Rabon da ya yi mini haka tun ranar aurena. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ce wa raina saura kwana ashirin kawai a tafi teku.

Kwana goma kafin tafiya aka yi sunan 'yar fari ta Hamza, babbanku, a saman gidanmu. Yawancinku kuna wurin, kun ga ƙarshen abin ba ku san farkonsa ba. An kafa rumfar tamfol saboda rana, bayan la'asar iska ta taso tana ɗaga gefenta, mata suka shiga neman abu mai nauyi a danne. Wata ta jawo buhun nan daga bayan tanki, ta zazzage abin da ke ciki ta ɗora a kusurwar tamfol. Ban taɓa tambayar wace ce ba, kuma kada ku tambaya, ba laifinta ba ne. Kusurwar nan kuwa ita ce inda aka shimfiɗa wa Yaya darduma, a matsayinsa na babban gida. Ina can ina fama da masu gashin rago aka ce yana kirana. Na iske shi da bututun a kan cinyarsa, yana jujjuya shi.

"Yaro, mene ne wannan?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Na gindin jirgina ne?"

"Shi ne, Yaya. Ka bari in nuna maka inda..."

"To mene ne a cikin jirgin?"

"Faiba."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya cire shimag, mayafin da ke kansa, a gaban jama'a, ya naɗe bututun a ciki, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce wa Faisal ya kawo mota. Ya bi ta tsakiyar mutane da kai babu rufi, ya sauka, ko ruwan gidana bai sha ba, aka bar ragon suna yana hucewa a faranti.

Juma'a uku ina zuwa Khalidiyya, Faisal yana tarata a ƙofa yana cewa, "Ammi, Abuya ta'aban," wato Baffa, Baba ya gaji. Ta huɗu aka bar ni na shiga. Na sunkuya zan sumbaci kansa, ya miƙo mini bakin yatsu. A damansa surukin nan mai dariya ne zaune, kuma babu wanda ya gusa. Na ci abincina a ƙarshen shimfiɗa tare da jikoki. Daga ranar ba na zuwa gidan sai ƙaramar salla da babba. Na tura masa wani malami ɗan Najeriya da ke koyarwa a jami'a, muna salla a masallaci ɗaya, ya je ya tuna masa cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi, sai ya yi kaffara ya bi wanda ya fi. Yaya ya karɓe shi da shayi da dabino, ya ce masa yana da abin ciyar da miskinai dubu, ba goma ba, amma rantsuwarsa tana nan. Bai mayar da jirgin ruwa ba, bai sayar ba, bai yarda wani ya taɓa ba. Jikoki suka yi kukansu suka gaji suka manta. Shekara shida jirgin yana tsakanin dabinai, rana ta mayar da farinsa rawaya, ma'aikata suna ajiye akwatunan dabino a ciki, tattabaru suka samu gida. Bututun da na naɗa da hannuna bai taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba.

A cikin shekarun nan ne maganar ta yi ƙiba. Da farko cewa ake na yi wa Yaya ƙarya, wannan kuwa haka ne. Daga baya ta zama ai tagullar lafiyarta ƙalau. Daga nan sai ta zama hassada, wai na ƙi jinin a ce yayana yana da jirgi. Ban ce Yaya ne ya faɗi waɗannan da bakinsa ba. Amma a gabansa ake faɗa yana jan carbi, kuma bututun yana hannunsa, shi kaɗai ya riƙe shi ya duba. Ni kuma ba a haife ni a gidan da ƙani ke tara mutane ya ƙaryata wansa ba. Na haɗiye, uwarku ta haɗiye, ku ma aka haɗiyar da ku ba ku san me kuke haɗiya ba. Wannan shi ya fi ci mini rai.

A shekara ta shida ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi Faisal ya buga mini waya ya ce babansa yana nemana. Na iske ɗakin cike, matarsa da 'ya'yansa da surukai. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Ku fita duka. Ku ja ƙofa."

Da suka fita ya nuna mini bakin gado na zauna.

"Yaro, bututun nan. Tun a mota, kafin mu kai gida, na danna shi da babban yatsa ta cikin shimag. Ya burma."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Da mun hau da shi, da yaran nan sun tafi. Na sani tun ranar."

"To Yaya, shekara shida?"

"Ka mayar da ni tsohon da ake shafa wa fenti a ce masa tagulla ce. Na ɗora hannu a kanka ina sa maka albarka, kai kuma kana kallona ka san abin da ka sani."

"Sau uku na gaya maka."

"Da ka faɗa na huɗu."

"Ina bututun yake?"

"Na jefar tun tuni."

Na kama hannunsa, ina kuka kamar ba mai jikoki ba.

"Yaya, suna bayan ƙofa. Ka kira su ka faɗi abin da ka faɗa mini. Kalma biyu ce. Don 'ya'yana, ba don ni ba."

Ya lumshe ido.

"Ka yafe mini, ni ma na yafe maka. Wannan tsakaninmu ne."

"Na yafe. Ka kira su."

"Na gaji, yaro. Gobe."

Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan nan, da hankalinsa garau. Ya karɓi masu dubiya, ya yi wasiyyar gona, ya faɗi wanda za a ba agogonsa da wanda za a ba carbinsa, har ya tuna wani direba da suka yi faɗa a Yanbu shekara arba'in da suka wuce ya sa aka nemo lambarsa. Kullum ina zuwa in zauna inda zai gan ni. In idonmu ya haɗu sai ya juya ya nemi ruwa. Ina yi masa addu'a kowace asuba, kuma zan yi har in bi shi, don shi ya raine ni. Shekara shidan nan na yafe su, ina da laifi a ciki. Amma ba zan yi muku ƙarya a kan takarda ba, kwana goma sha ɗayan nan har yau zuciyata ta ƙi bin bakina a kansu.

Ni da Faisal muka shiga kabarin a maƙabartar Baƙi'a muka kwantar da shi. Da aka gama muka jeru karɓar gaisuwa, ni a farkon layi tunda yanzu ni ne babba. Faisal ya matso ya sumbaci kaina, idonsa jajur, ya yi mini magana da Larabci a hankali, irin ta mai son kwantar wa mutum rai.

"Ammi, kada ka damu da abin da ya wuce. Abuya ya tara mu jiya kafin ya cika, ya ce mu shaida ya yafe maka."

Ashe ya kira su ɗin, sai dai bai ambaci bututun ba. Na buɗe baki, sai na ga layin masu ta'aziyya ya tsaya ana jirana. Na ce, "Allah ya jiƙansa," na miƙa wa na gaba hannu.